Zuwa Ka Yi, Ko Hanya Ce Ta Biyo da Kai?

Gwaggona ta gama amsa gaisuwata, ta sa aka kawo mini ruwa da fura, ta bari na sha na ajiye kwanon, sannan ta dube ni ta ce, "Babana, zuwa ka yi, ko hanya ce ta biyo da kai?" Babana take kirana domin sunan mahaifinta aka sa mini, kuma alkunya ba ta barin ta ta furta shi. Shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Ina zaune a bakin tabarma a tsakar gidanta da ke Maraɗi, jakata tana jingine da ƙafata, domin tun a mota na yanke wa kaina cewa sa'a ɗaya zan yi in tashi.

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya, kuma ita nake son in shimfiɗa a gaban mai karatu. Idan mutum ya yi tafiya don wata buƙata tasa, ya ratse ya gai da dangi ko tsohon aboki saboda hanya ta bi ta ƙofarsu, shin ya yi zumunci, ko ya mai da mutane zango ne kawai? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Karin maganar ba ta faɗi hukuncin ƙafar da wani abu daban ya tayar ba.

Ya kamata in fara da faɗin abin da ya tayar da tawa ƙafar. Bayan na kammala digiri da hidimar ƙasa ban sami aikin ofis ba, sai wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya ɗauke ni ina riƙe masa littafin lissafi. Yana da abokin ciniki a Maraɗi da ke turo masa aya da wake, kuma lissafinsu ya tsaya cik tun da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024, sai ya aike ni in je in daidaita abin da ke tsakaninsu. Ya ba ni kuɗin mota da na masaukin kwana biyu. Ni kuwa na zauna na yi nawa lissafin: idan na kwana a Katsina wurin abokina na ƙuruciya, kuɗin masaukin dare ɗaya zai zauna a aljihuna, idan na leƙa Gwaggo a Maraɗi, mahaifiyata za ta daina yi mini gori. Da wannan niyya na shiga mota, kuma ba zan yi mata ado ba.

A Katsina aka haife ni, a can na yi firamare, sai a 2013 muka koma Kano. Abokin nan nawa benci ɗaya muka zauna shekara shida. Shi karatunsa ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu yana gyaran babura kusa da Ƙofar Guga. Lokacin da ya yi aure na tura masa saƙon murna ta waya. Da aka yi masa haihuwa na danna alamar so a ƙarƙashin hoton jaririyar a Facebook. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Duk da haka, da na kira shi da la'asar na ce ina tasha, bai tambayi dalili ba. Ya rufe wurin aikinsa, ya zo da babur ya ɗauke ni. Ya tashi ƙanensa daga shagon ƙofar gida, aka shimfiɗa mini sabon zanen gado, matarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe har da kaza, wadda na san ba don su aka yanka ta ba.

Bayan isha muka zauna hira. Muka tuna malamin lissafi da bulalarsa, muka tuna yadda muke kutsawa cikin taro a Ƙofar Soro ranar hawan sallah don mu ga dawakai. Muka yi dariya har da hawaye. Cikin sa'a guda sai tsofaffin labaran suka ƙare, kamar hatsin rumbun da aka daɗe ba a zuba masa sabo ba. Shiru ya sauko, na jawo wayata. Yana ta kirana "Yallaɓai", da fari cikin zolaya, daga baya na kasa gane ko zolayar ce har yanzu. Da asuba ya kai ni inda ake shiga motar Jibiya, ya hana ni biyan ko kuɗin shayi, ya ce yana murmushi, "Allah ya ƙaro wa maigidanka irin wannan aike, mu riƙa ganinka." Sai da mota ta tashi na lura ban tambayi sunan 'yarsa ba.

Wannan dare shi ne babbar hujjar masu cewa zumuncin kan hanya ba zumunci ba ne, kuma hujjar tana da nauyi. Tun muna yara aka karantar da mu cewa aiki yana bin niyyar mai shi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: da ɗan kasuwar ya fasa aiken, da na je Katsina? Da ban je ba. Ke nan katifa ce ta kai ni gidan abokina, shi kuma ya zama hanyar samun ta. Akwai ma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Irin wannan ziyara tana wanke wa mai yin ta zuciya da araha. Zai koma gida yana cewa ya sauke nauyi, ya ƙara shekara goma bai waiwaya ba, alhali mai masaukin ne ya yi hasarar kaza da yinin aiki. Wanda bai zo ba sam ya san ana bin sa bashi. Wanda ya leƙa a tsaitsaye yana iya ɗauka ya biya.

Sai dai idan aka bi wannan hujja har ƙarshenta, za ta kai mu inda ba mu yi nufi ba. Idan zumunci bai inganta sai tafiyar da aka yi musamman dominsa, ba tare da wata buƙata ta raɓe ta ba, to zumuncin nesa ya zama na masu hali kaɗai. Talaka ba shi da kuɗin motar da zai ware don gaisuwa zalla. Tilas ya ɗora gaisuwarsa a bayan cin kasuwa, ko neman magani, ko rakiyar amarya. Kuma haka kakanninmu suka yi. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, riba ce ta fitar da su daga gida. Amma a bakinsu ake jin wanda ya rasu da wadda ta haihu, a hannunsu ake aika saƙo ga ɗan'uwan da ya zauna a Salaga ko Kumasi. A zango suke sauka wurin fatoma, a shekara ta gaba su koma wurinsa, har sabo ya zama amana, amana ta zama auratayya. Unguwannin Hausawa da ake kira zango a Gana har yau, kasuwanci ne ya kafa su, zumunci ya biyo sawu.

Ba sai na je Gwanja neman misali ba. Mijin Gwaggo, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne daga Maraɗi da yake sauka a zauren kakana duk lokacin da ya kawo kaya Katsina. Masauki ya zo nema, ya tafi da mata. Duk 'yan'uwan da nake da su a hayin iyaka, daga kwanan wani matafiyi a zaurenmu suka samo asali. Garuruwan biyu ma haka suke: bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na da suka yi arewa suka kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba kuɗi da harshen makaranta, ya bar mutane suna kai da komo da buhuna da gaisuwa a mota ɗaya.

Al'adarmu ma ta san cewa mutum bai cika tashi haka nan ba. Idan baƙo ya yi sallama daga nesa, bayan an gaisa sai an tambaye shi, "Lafiya dai ko?" Biki da suna da ta'aziyya duk dalilai ne da muke jira su tara mu, kuma ba wanda ya ce mai zuwa suna bai yi zumunci ba don rago ya ci. Zuciyar ɗan Adam ba ta cika ɗaukar niyya ɗaya tal ba. Wanda ya ce sai niyyarsa ta tace sarai kafin ya taka zuwa gidan ɗan'uwa, yana iya tsufa a ƙofar gidansa.

To, hujjoji biyu ke nan suna fuskantar juna, kowace da gaskiyarta. Abin da ya raba mini gardamar ya faru ne a kan tabarmar Gwaggo.

Na bi ta Jibiya da Magama, na canji naira zuwa sefa, na wuce Ɗan Isa, na isa Maraɗi kafin azahar. Aikin da ya kawo ni bai ci sa'a uku ba. Daga nan na hau kabu-kabu zuwa gidanta. Babban ɗanta ne ya tare ni a ƙofa, taubashina, ya riƙe mini hannu ya ce ba zan shiga ba sai na biya kuɗin sharar shekara goma sha ɗaya da yake bi na. Wasan ya sassauta mini gaba. Tambayar uwarsa ta mayar da ni inda nake.

Na so in ce mata musamman na zo, kuma na san da ta karɓa don ta rufa mini asiri. Amma tsohuwar da ta yi tambaya irin wannan ta riga ta san amsa. Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, aiki ne ya kawo ni garin." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Madalla. Ubanka ma bai iya ƙarya ba. Taurin kai ne ya iya."

Dalilin nisanmu da ita na san shi sama-sama. Lokacin da za mu koma Kano mahaifina ya sayar da gonar gado da ke bayan gari ba tare da ya shawarce ta ba. Ya aika mata da kasonta, ta mayar masa, ta ce ita ba kuɗi ta nema ba, gonar da uwarsu ta tsufa tana tsintar wake a cikinta ba a sayar da ita kamar akuya. Daga nan kowa ya ja bakinsa. Mahaifina ya rasu a watan Oktoban 2023, iyaka tana rufe. Matasa suna ratsawa ta daji a kan babur, amma mace mai shekarunta da ciwon gwiwa ba ta iya wannan hanya. Ta waya ta yi mana ta'aziyya, gaisuwar da ba ta wuce minti biyu ba.

Abin da ban sani ba, a ranar na ji shi. Kason da ta mayar bai sake komawa hannunta ba. Mahaifina ya ce zai ajiye mata, hidimar makarantarmu ta cinye shi kaɗan-kaɗan. Ke nan takardar digirin da nake tinƙaho da ita akwai haƙƙin wannan tsohuwa a cikinta, kuma mahaifina yana kwance da bashi a kansa. Gumi ya karyo mini. Na fara cewa za mu haɗa mu biya, ta ɗaga hannu ta ce, "Na yafe tun ranar da na ji rasuwarsa. So nake in faɗa a gaban jininsa, ga shi Allah ya kawo ka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ya ambace ni kafin ya cika?"

Ina wurin lokacin da ya cika, ban ji ya ambace ta ba, kuma na riga na zaɓi gaskiya a farkon zaman. Na ce ban ji ba. Sai na tuna da autarmu, wadda aka haifa shekara ɗaya bayan rigimar. Kowa da sunan alkunya yake kiranta, har ni na kusa manta na yanka. Na ce, "Amma Gwaggo, kin san sunanki ya sa wa auta?" Ba ta sani ba. Labarin haihuwar ya iso mata ta bakin mutane, da sunan da ake kiran yarinyar a gida. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Mun daɗe a haka ba wanda ya yi magana, har aka kira magariba.

Kwana uku na yi a gidan. Maigidana ya kira ya yi faɗa, ya kuma cire kwanakin daga albashina, kuma yana da gaskiya.

Daga wannan zama na fahimci abin da ake nufi da ƙafa a karin maganar nan. Ina da lambar Gwaggo shekara da shekaru, amma waya gaisuwa take ɗauka: ina kwana, ina gajiya, a gai da mutan gida. Ba wanda zai tambayi ko ɗan'uwansa ya ambace shi a gadon mutuwa alhali kati yana ƙarewa. Irin wannan magana tana bukatar a zauna, a ci abinci, a yi shiru, a ga fuskar juna. Amfanin ƙafa shi ne ta kai mutum inda ba zai iya katse magana da danna maɓalli ba. Labarin da zai sanyaya zuciyar tsohuwar yana bakina shekara goma, ban ma san labari ba ne.

Saboda haka, a nawa ganin, abin da ya taso da matafiyi daga gida ba shi ne ma'aunin ƙarshe ba. Niyya tana iya sabuntuwa a tsakiyar aiki, kamar yadda tana iya lalacewa. Ma'aunin yana cikin kalmar da muke amfani da ita, wato ratse. Wanda ya ratse ya bar hanyarsa ne. Idan ziyara ta ƙare ba ta taɓa tsarin tafiyarka ba, ba ta ci maka lokacin da ka ware wa wani abu ba, ba ka ji wani abu da ya yi maka nauyi ba, to ba ka bar hanyarka ba, mutanen ne suka zama wani yanki na hanyar. Idan kuwa ka yarda mai gidan ya tsayar da kai, ya tambaye ka abin da ba ka shirya amsawa ba, ya ɗora maka nauyin da ba ka taho da shi ba, to ko ciniki ne ya kawo ka garin, ka yi zumunci.

Da wannan ma'auni na auna darena na Katsina, na ga inda na gaza. Kwanan da na yi a gidan abokina ba laifi ba ne. Shi kansa ya ji daɗin saukar da ni, kuma hana aboki damar yi maka alheri wani nau'in girman kai ne. Laifina shi ne yaron da na bari a 2013 na je nema. Da labaran wannan yaro suka ƙare sai na ga kamar hira ta ƙare, alhali ga magidanci zaune a gabana, mai iyali da sana'a da damuwar da ban san ko ɗaya daga ciki ba. Ban tambaye shi yadda tsadar fetur ta taɓa aikinsa ba, ko jikin mahaifiyarsa, ko abin da yake fata ga 'yarsa. Sake haɗuwa da tsohon aboki sabon sani ne, yana bukatar tambaya da saurare kamar yadda ake yi wa wanda aka fara gani. "Yallaɓai" ɗin da yake kirana, ina jin ya auna tazarar da ni na ƙi aunawa.

Ba na son a ɗauka kwana ukun Maraɗi sun wanke ni. Sa'a ce ta sa na tarar da Gwaggo da rai. Da an ƙara shekara ɗaya ba a buɗe iyaka ba, ko da ɗan kasuwar ya aiki wani, wataƙila da ta bi ɗan'uwanta ba ta san ya sa wa 'yarsa sunanta ba. Wanda ya bar zumuncinsa a hannun hanya ya bar shi a hannun abin da ba shi da iko a kai. Shi ya sa nake ganin zumuncin kan hanya halal ne kuma yana da lada, amma mafari ne. Ziyara ta biyu ce take nuna ko ta farkon ta yi saiwa. A dawowata ma na wuce Katsina ban tsaya ba, domin na riga na makara, na tura wa abokina saƙon ban haƙuri daga cikin mota. Ya amsa da cewa ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Da zan bar Maraɗi Gwaggo ta ɗaure mini aya da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce in kawo mata takwararta ta gan ta tun idonta yana gani. Ina tara kuɗin motar mutum biyu, kuma na roƙi hutu bayan sallah babba. Wannan karon babu lissafin kowa a jakata. Amma hanyar Maraɗi ta Katsina take bi, don haka abokina zai sake zama na kan hanya, ko na so ko na ƙi. Na kira shi na gaya masa kwana biyu zan yi, kuma yinin farko a wurin aikinsa zan yi shi. Na tambayi sunan yarinyar, na kuma tambayi lambar takalminta.